Baƙin Zare a Kan Fiffiken Katako

Maigidana ya daina zuwa Sin. Ba shi kaɗai ba, kusan duk abokan tafiyarsa sun daina. Yanzu yana kishingiɗe a kan tabarma zai danna waya, wani a can ya zagaya da shi cikin shago ta hoto, ya zaɓi kaya, a ɗaure a turo. Wani da ya dawo daga Guangzhou kwanan baya ya ce masa lungun da muka zauna a unguwar Liwan an share shi, an dasa furanni da fitilu, masu yawon buɗe ido ne ke ɗaukar hoto a wurin. Da na ji haka sai na kasa ƙarasa tsintar shinkafar da ke gabana. Ba wai son wurin nake ba. A tsorace na zauna a cikinsa, a tsorace na fito. Amma a can na bar ƙuruciyata, kuma ba wanda ke so a ce masa an share inda ya bar abu.

'Ya ɗaya gare ni a lokacin, 'yar fari, ba ta daɗe da yaye ba. Da a gida ne ko sunanta ba zan kama ba, balle in ɗauke ta a gaban mutane. Kakarta ce za ta riƙe ta, ni in yi kamar ban san da zamanta ba. To a can wa zan ji wa kunya? Ba uwa, ba uwar miji, ba maƙwabciyar da za ka miƙa wa yaro ta kan katanga. Idona a kanta yake tun daga asuba. Ta yi atishawa gabana ya faɗi, ta yi shiru gabana ya faɗi.

Gidan da muka kama tsohon gini ne, matattakalarsa ƙunci gare ta, mutum biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya karkace. Bangon gumi yake kamar mutum. Ka shanya zani da safe, da la'asar ka same shi yadda ka bar shi. Da kunne na fara sanin garin, domin ba na fita sosai. Tun kafin rana ta ɗago za ka ji ana jan salatif ana naɗe kwalaye, sai ƙafafun amalanke a kan dutse. Da hantsi tsofaffin mata su zauna a ƙasa suna zube 'yan duwatsun cacarsu a tebur, kamar ana wanke tsakuwa a kwano. Wani mutum yakan wuce a keke yana kiran abin da har yau ban san ko saye yake ko sayarwa ba. Ba kiran salla, ba carar zakara, agogon waya ne ladanina. Maigidana da sassafe yake fita Tianxiu, dogon benen da mutanenmu ke da shaguna da ofisoshin tura kaya, ba ya dawowa sai bayan magariba. Daga ni sai yarinya sai tukunya. Kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa 'yan kasuwa ke kawo mana a jaka daga Kano, ina tattalinsu kamar turare. Nama kuwa sai wurin Musulmin ƙasar masu sanya fararen huluna, kuma ko nasu sai na juya na sake juyawa. Abin da na iya na yarensu bai wuce gaisuwa da godiya ba, sai meyo, wato babu. Da meyo na fi aiki. Duk wanda ya miƙo wa yarinyar alewa, ko ya kai hannu zai taɓa mata gashi, sai in ce meyo, in janye ta.

Gashin nan kuwa shi ne tushen maganar. Yaran yanzu ba su san girman abin da ya fita daga jikin mutum ba. Ita kanta yarinyar da nake ba ku labarinta, yau za ta taje kai ta dunƙule gashin ta jefa a kwandon shara, in yi magana ta ce, "Umma, ke dai." Mu ba haka aka rene mu ba. Innata idan ta tsefe mana kai, sai ta tattara duk abin da ya zuba, gashi da zare, ta tona rami a gindin bango ta binne, ta taka da diddige. Farce ma haka. Takan ce, "Abin da ya kwana a kanki ya san ki. Kar ki bar shi a hannun wanda ba ki sani ba." Ban taɓa tambayarta me wanda ban sani ba zai yi da shi ba. Ba a tambaya. Kowa a unguwarmu ya san labarin wata da aka yi wa aiki da gashinta, ta bushe a tsaye kamar karan dawa.

Gashin yarinyar gajere ne, ba ya kamuwa da kitso, sai nake naɗa mata shi da baƙin zaren ulu. Ɗakinmu duhu gare shi, don haka a saman matattakala nake zama, inda haske ke shigowa, in warware tsohon zare in sa sabo. A can ba ƙasar da za ka tona, ko'ina siminti, sai nake ƙulle tsohon zaren a leda in tura ƙasan akwati. Amma yarinya ba ta zama wuri ɗaya. Tana kuka tana zillo, matattakalar kuma iska na bin ta. Wani zaren yakan faɗa ƙasa ban lura ba.

A ƙasa, dab da ƙafar matattakalar, wani tsoho ke zaune shi kaɗai. Siriri ne, da farar singileti da tabarau mai kauri, yatsunsa biyu na hagu guntaye. Ba ya caca da sauran tsofaffin, ba ya hira. Ƙofarsa a buɗe take kullum saboda zafi, yana ciki yana feƙe katako. Jirage yake sassaƙawa, amma ba irin wanda ya kawo mu ba. Waɗannan tagarsu ɗaya ce a sama, bakinsu a buɗe kamar na tarwaɗa, fukafukansu an tura su baya kamar tsattsewa ta kawo gudu. Wasu a rataye a rufi, wasu ma rabi ne, fiffike ɗaya kafe a jikin allo. Na gaya wa maigidana, ya ce jiragen yaƙi ne na da, kayan wasan tsofaffi, kar in kula shi. To amma ba yaro a gidan da za a ce shi ake yi wa. Tsoho, da jiragen yaƙi, a ƙasar da ko tari ka yi sai wani ya sani? Ban saki jiki ba.

Shekarar ce ƙasar ke shirin karɓar wasannin Olamfik. Ba a garinmu za a yi ba, can arewa ne, amma zafin abin ya iso mana. Tutoci ko'ina, talabijin ba ta da wata magana. 'Yan sanda suka shiga bin gidaje suna duba fasfo. Takardar zaman maigidana ta ƙare, tawa kuma a jingine take da tasa, aka ce masa ya dakata da maganar sabuntawa sai an gama wasa. Mutanenmu suka koma tafiya ta gefen bango. Kafin ya fita gargaɗinsa ba ya canjawa: kar in yi faɗa da kowa, kar in ɗaga murya, kar in buɗe ƙofa idan ban san muryar ba.

Ana cikin haka, wata rana da hantsi ina saukowa da bokitin shara, sai na ga tsohon ya sunkuya a matattakala ya tsinci wani abu. Ya ɗaga shi sama yana dubawa a haske. Zaren kan 'yata ne. Ya naɗe shi a yatsa, ya sa a aljihu, ya yi min murmushi. Na tsaya da bokiti a hannu. Me zan ce, da wane yare?

Ba a yi nisa ba yarinyar ta kwanta. Zazzaɓi da tari, ta ƙi abinci, idanunta suka faɗa. Na ba ta maganin da muke da shi, jikin ya yi sanyi kaɗan ya sake ɗaukar wuta. Rannan na sauko sayen ruwan sha, na saci kallon ɗakin tsohon. Ya kafa fiffiken katako a gaban fanka. A jikin fiffiken, layi-layi, an lilliƙa guntayen baƙin zare. Ya kunna tsinken turare ya riƙe a gaban fankar, hayaƙin yana bi ta kan zaren, zaren yana rawa, shi kuma ya sunkuya yana motsa baki. Ban san yadda na hau sama ba.

Da safe maigidana yana shan shayi na ce, "Malam, tsohon nan aiki yake yi wa yarinyar nan."

"Wane irin aiki?"

"Zaren kanta ya tsince. Da idona na gani, ya liƙa a katako yana yi masa hayaƙi."

Ya ajiye kofin. "Mutumin da ko sunanta bai sani ba? Me ta tare masa?"

"Sai an tare wa mutum wani abu?"

"Mura ce. Garin nan kowa tari yake."

"Taɓa jikinta ka ji."

Ya taɓa. Ya daɗe bai ɗauke hannun ba. Sannan ya ce, a hankali, "Asibiti fasfo za su fara tambaya. Ki ɗan ƙara min haƙuri, akwai wanda ke min magana a kan takardar. Kuma don Allah don Annabi kar ki je ƙofar mutumin nan. Idan ya ɗaga waya, mun shiga hannu, ke daban ni daban, ita kuma ban san wa za a ba wa ba."

Ya fita. Na zauna ina jin numfashinta yana fita da ƙyar, ina jin fankar tsohon ta ƙarƙashin daɓe. Har rana ta take ina zaune. Daga nan na ɗauke ta na goya.

A ƙarshen lungunmu akwai wata Hajiya 'yar zangon Kumasi, mai tura takalma da jakunkuna Gana. Ta daɗe a garin, takardunta lafiya lau, tana zagin masu amalanke da yarensu suna mata dariya. Na same ta tana lissafa kwalaye da ƙafa. Na gaya mata komai, ina jiran ita ma ta ce mura ce. Ba ta ce ba. Ta ɗaga mayafin goyon ta duba fuskar yarinyar, ta ce, "Mu ma a zango ba ma barin gashi a ƙasa. Amma ƙanwata, mutanen nan komai turare suke kunna masa, har sabuwar mota. Tashi mu je. Idan boka ne, yau zai ga uwar bokaye."

"Babanta ya ce kar a yi faɗa."

"Wa ya ce faɗa? Gaisuwa za mu je. Ke dai rufe bakinki, fuskarki kaɗai ta isa ta kira mana 'yan sanda."

Ta tsaya a ƙofarsa ta kira shi lawban, wato maigida, haka take kiran kowa har mai shara. Ya miƙe ya jawo mana kujeru. Hajiya ta zauna, ni na ƙi. Ta nuna fiffiken ta yi tambaya. Sai fuskar tsohon ta washe kamar wanda ya shekara yana jiran a tambaye shi. Ya kama magana, hannuwansa suna tashi suna sauka, Hajiya tana tare shi tana juya min abin da ta kama.

Wai yana saurayi aka kai shi wani gari mai sanyi a arewa, inda ake ƙoƙarin ƙera jiragen yaƙin ƙasarsu na farko marasa farfela. Shi kafinta ne a wurin. Kafin a taɓa ƙarfe, shi ke sassaƙa ɗan ƙaramin jirgi na katako, a sa shi cikin wani dogon bututu a hura masa iska a ga yadda zai yi. Wai jirgi mai miƙaƙƙen fiffike idan ya kai wani gudu sai ya kama karkarwa, ya ƙi jin linzami, shi ya sa aka tura fukafukan baya. Gudu ya samu. Amma kowane gyara da tasa ɓarnar. Idan jirgin ya rage gudu zai sauka, iskar da ya kamata ta bi fiffiken daga gaba zuwa baya sai ta zame ta gefe, ta gudu can ƙarshen fiffiken, ƙarshen ya saki, jirgin ya ɗaga kai sama kamar doki ya firgita. Iska kuwa ba a ganin ta, shi ya sa suke liƙa zare su ga inda ta bi.

Ya kunna fankar. Zaren duk ya kwanta baya, luf, kamar an taje. Ya ɗaga gaban fiffiken a hankali. Sai na ga zaren da ke can ƙarshe ya juya gefe, ya juya, sannan ya haukace, kowanne da inda ya nufa. Ya ɗauko wani siririn falle na gwangwani ya kafa shi a tsaye a tsakiyar fiffiken, kamar yadda ake tare ruwan sama a tsakar gida kar ya shiga ɗaki. Zaren ya lafa. Na gani. Ban ce na yarda ba, amma na gani.

Ya sauko da wani hoto daga bango, samari cikin manyan riguna da hulunan sanyi, a gaban jirgi mai bakin tarwaɗa. Ya nuna kansa. Ya nuna wani mai dariya a gefe, ya yi da hannu alamar wannan shi ke tashi da jirgin. Sannan ya ɗaga tafin hannunsa sama, ya karkata shi, ya sauke a kan tebur. Ya ce, "Meyo." Wannan ban jira Hajiya ba.

Na ce, "Hajiya, tambaye shi me ya sa sai zaren 'yata."

Ta tambaya. "Ya ce idonsa ya mutu, farin zare ba ya ganinsa a kan katako. Naki baƙi ne, ga laushi. Ya ɗauka shara ce."

"Me yake karantawa idan ya sunkuya?"

Tsohon ya yi dariya. Hajiya ma ta yi. "Wai fankar yake zagi, ba ta da ƙarfi."

"To jirgin da aka gama tun ba a haife ni ba, me yake nema a jikinsa har yanzu?"

Wannan karon bai yi dariya ba. Ya dubi hoton ya faɗi magana gajeriya. Hajiya ta ce, "Ya ce yana so ya ga inda ya kamata a ce sun kafa fallen tun farko. Ya ce bai gama ba."

Hajiya tausayi ya kama ta, na gani a fuskarta. Ni kuwa tsigar jikina ce ta tashi. Mutum yana aiki saboda matacce, da hayaƙi, da zaren da ya kwana a kan 'yata mai rai. Ko da bai nufa ba, wa ya san abin da ke bin irin wannan? Na ce, "Ya ba ni zarena. Duka."

"Ƙanwata, kin dai ga abin da idonki."

"Na gani. Ya ba ni."

Ta daɗe tana yi masa bayani, tana nuna kaina, tana nuna goyon. Ina kallon hannunsa, ina kallon wayar da ke kan tebur. Bai kai hannu wurinta ba. Ya zagayo ya leƙa fuskar yarinyar daga nesa, bai taɓa ta ba. Ya ce wani abu, Hajiya ta ce wai shi ma uwarsa ta ɓoye gashinsa na fari. Sannan ya kashe fankar, ya ɗauko ɗan hantsaki, ya shiga cire zaren ɗaya bayan ɗaya da guntayen yatsun nan, yana ajiyewa a tafin hannuna. Ya buɗe aljihun tebur ya ƙaro wanda bai riga ya yanka ba. Ban tsaya nan ba. Na bi jiragen da ke rataye ina dubawa, na duba ƙasan tebur, na duba kwandon sharar sa. Ya tsaya gefe ya bar ni.

Muna fita Hajiya ta ce, "To, kin karɓi naki. Kwance min ita, yanzu saura nawa aikin." Ta goya ta da zanina, ta kai ta wani ƙaramin asibiti inda suka san ta, da takardun ita Hajiyar. Ni na tsaya a tsallaken titi a gaban wani shagon fitilu, ina yi kamar mai ciniki, idona a ƙofa, zare a dunƙule a hannuna har ya jiƙe. Tun da na haife ta ban taɓa nisa da ita haka ba. Aka yi mata allura da ƙarin ruwa. Kafin gari ya sake wayewa gumi ya karyo mata, ta nemi koko.

Maigidana ya ce allura ce ta warkar da ita. Faɗan zuwa ƙofar tsohon kuwa ya yi shi har ya gaji. Abin da na sani, abu biyu aka yi a rana ɗaya, kuma ba wanda zai iya raba min su. Mun yi ta sauraren bugun ƙofa, ba wanda ya zo.

Bayan nan fankar tsohon ta yi shiru. Idan na wuce sai in ga fiffiken tsirara, shi kuma yana zaune hannu a cinya. Abin ya tsaya min a rai. Ina da sabon ƙullin zaren ulu a akwati, ko bakinsa ba a ɓare ba, bai taɓa kan kowa ba. Na kai wa Hajiya na ce ta ba shi. Ta ce, "Ke ba ki da ƙafa? Ƙofarsa fa a ƙarƙashin gadonki take." Na ce ta dai ba shi. Washegari na ji fankar ta tashi.

Amma gyaran kai na mayar da shi cikin ɗaki, a duhun nan, ƙofa a rufe. Idan za mu sauko yakan ɗaga wa yarinyar hannu, ni kuma in amsa gaisuwar a madadinta, in mayar da ita ɗaya gefen. Haka muka zauna har muka bar ƙasar, ba ta taka ɗakinsa ba. Ko ya gano inda ya kamata a kafa fallen, ban sani ba, kuma yanzu ba wanda zan tambaya. Idan aka ce min mugu ne, cewa nake a'a, ban ga mugunta a wurinsa ba. Idan kuma aka ce to da za a mayar da ni ranar, zan bar masa zaren? Nan ma a'a.